Buhun da Ba Ya Zuwa Kasuwa

Ƙarshen damina ne, lokacin da ya kamata sama ta ɗauke a shiga kaka, amma bana ruwa ya ƙi tafiya. Da hantsi rana za ta leƙo kamar da gaske take, mu shimfiɗa masara a tsakar gida, kafin azahar gabas ta yi baƙi mu kwashe a guje. Katangar gidanmu a Zangon Paraku ta yi kore daga ƙasa har gwiwa. Ashana ba ta kamawa. Gishiri ya narke a kwano. Zanen da na wanke ran Litinin, ran Laraba yana nan a igiya yana warin danshi. Tun tsayuwar wata nake jin shekarar ta yi mini nauyi a ƙirji ban san dalili ba, sai ranar da na kwance bakin buhun masarar da aka sauke mana daga ƙauyen Onkulu, warin ya bugi hancina. Sau ɗaya na taɓa zama da wannan warin wata guda cur, a Jugu, shekara talatin da ɗoriya da suka wuce.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce. Layin masu masara a kasuwar Arzeke duk sun sani, ko mai zem, ɗan hayar babur, ya taka mini buhu sai dai in ce masa a riƙa lura. Amma tun ranar Alhamis nake ɗauke da wani fushi da na rasa inda zan sauke shi. Shi ya sa na ɗauko littafin rubutuna na makarantar manya, ko takarda za ta karɓi wani abu daga ciki.

Malam, maigidana, jikan fataken goro ne na Jugu. Abin da suka gada suna ne: ba a sayen kaya a hannunsu a je gida a yi da-na-sani. Mai goro kullum yakan kwance huhu ya tsince wanda sankara ta taɓa, kada ya ɓata sauran. Ba ya sayar da shi, ba ya kuma zubarwa, shi da mutanen gidansa suke cinyewa. Da goro ya ja baya aka koma hatsi, sai aka taho da halin gaba ɗaya. Duk masarar da ta shigo gidanmu sai an zube ta a faifai an tsince. Fara mai ƙwari ta tafi buhun kasuwa. Wadda ta fashe, wadda ƙwaro ya huda, wadda ta yi dusu-dusu ko ta yi kore a gindi, ta tafi buhun gida. Shi muke wankewa mu yi tuwo, shi muke jiƙawa mu yi gasarar koko. Haka na tarar, haka na yi, haka na koya wa Mariya matar ɗana. Kuma ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba.

Ran Laraba autata Zuwaira ta sauka daga Kotonu, inda take aiki a wani labo, wato ɗakin binciken kimiyya, da wata jaka da ta ƙi yarda mai zem ya ɗaure a baya. Ta ce ba hutu ta zo ba, masara ta zo nema. Na ce to kin zo gidanta.

Ina tsinta, ta zauna a bakin tabarma ta ɗauki ƙwaya ɗaya mai kore tana juyawa. Ta ce wannan fumfunar tana barin wani dafi a cikin ƙwaya, ba a ganinsa, harshe ma ba kullum yake jinsa ba, hanta yake ci. Sunansa da Faransanci ta faɗa, ban riƙe ba. Wanda na riƙe sunan abin da take ƙerawa ne don ya kama dafin, aftamer, saboda na sa ta rubuta mini shi a bangon littafi.

Ta ce wani ɗan zare ne, irin zaren halittar da ke cikin jikin kowane mai rai, sai dai shi gajere ne kuma a labo ake haɗa shi. Kowane zare yakan naɗe ya ɗauki siffarsa daban, siffar ce take sa ya riƙe abu ɗaya ya ƙyale sauran. Na tambaye ta yadda suke gane wanda zai riƙe dafin. Ta ce ba a ganewa, nemowa ake yi. A zuba zare iri-iri, yawan da ba ya ƙirguwa, a kan dafin, sannan a wanke. Wanda bai kama ba ya bi ruwa. Wanda ya kama a tara shi, a ninka shi, a sake zubawa, a ƙara tsananta wankin. A yi ta maimaitawa har sai ƴan kaɗan masu riƙo da gaske sun rage. Shekara biyu ta yi a kan wannan.

Na yi dariya na ce ashe duk karatun lakwal ɗin nan tsinta aka koya miki, da kin zauna a gabana da faifai da tuni kin gama.

"Wallahi kuwa, Inna," in ji ta. "Sai dai faifaina ya fi naki rigima."

Ta ce gwajin dafin akwai shi tun da, amma sai an kai babban inji a birni, ko kuma kayan gwajin da ba sa zama sai a sanyin firigo. Nata zaren yana jure zafi. Burinta mace a rumfar kasuwa ta gwada buhunta da kanta kafin ta ɗaure.

Washegari da hantsi ta shimfiɗa kayanta a zaure. Ta karɓi ƙarfen nan mai rami da muke soka wa buhu, ta ɗebo sama, tsakiya da ƙasa, ta niƙa, ta kaɗa garin a wani ruwa mai warin alkol, irin wanda ake goge wurin allura da shi, ta tace. Tana da ƴan kwalabe ƙanana, ba su kai ɗan yatsa ba, da ruwa ja a ciki kamar zoɓo. Ta ce jan na garin zinariya ne mai laushi, zaren yana naɗe da shi. In babu dafi, ja yake zama. In akwai, zaren ya saki zinariya ya kama dafin, zinariyar ta dunƙule, launi ya juya. Mariya ta ce a bar mata ruwan in an gama, ko ɗan kunne zai fita.

Buhunan kasuwa ta bi ɗaya bayan ɗaya. Ja ya zauna. Na ji daɗi har na gyara ɗaurin kallabi. Sai ta ce saura wanda ta gani a bayan ƙofar madafa. Mariya ta ce ai wannan ba kaya ba ne, na gida ne. Zuwaira ta ce shi ma masara ce.

Jikata Fati, ƴar shekara biyu, tana zaune a dokin ƙofa da kofin kokonta, ta riƙe shi da hannu biyu. Zuwaira ta ɗiga ruwan a kwalba, muna kallo jan ya dushe, ya koma shuɗi kamar ruwan bula. Ta ɗebo wata ta sake. Ta sake na uku. Sai ta miƙa hannu ta zare kofin daga hannun Fati. Yarinya ta fasa kuka.

Na ce wa Zuwaira ai ba haka muke ci ba. Muna wankewa sau uku, mu kwashe wadda ta taso, mu shanya, mu dafa har ya yi ta tafasa. Ta ce wanki yana ragewa kaɗan, amma wutar murhu ba ta kashe shi.

"Tsintar taku tana aiki, Inna. Da gaske tana aiki. Kun tsame dafin daga buhu goma kun tara shi a buhu ɗaya. Shi ne kuke ci."

Kukan Fati nake ji, amma ni ina Jugu.

Waccan shekarar tun kafin ta shigo ta fara. Daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke masara na fitar da gashi, ba a samu abin kirki ba. Kafin bazara ta raba, rumbunmu ya ga ƙasa. Zafi ya sauka irin wanda in ka taka dandaɓe da rana sai ka ɗaga ƙafa. Rijiyar gida ta koma laka, guga ya riƙa dawowa da rabin ruwa rabin ƙasa, mu ajiye ya kwanta mu tsiyaye. Iya, mahaifiyar Malam, ita ke riƙe da makullin ɗakin hatsi. Da farko awo biyu take fitarwa a rana, ya koma ɗaya, ɗayan ma ta daina cika kwanon.

Da ruwa ya sauka sai yunwar ta ƙaru, don ga kore ko'ina amma babu abin sawa a tukunya. Da asuba mu ɗebo ruwa, mu share gida, mu fita bayan gari tsintar kaɗanya. Naman muke tsotsewa a can a tsaye, mu kawo ƙwallon gida. Da hantsi mu tsinko tafasa da rama, mu dafa, a barbaɗa ɗan garin ƙuli, in akwai. Da yamma garin rogo a ruwa. Yara ake fara ba, sannan maza, mu mata mu kankare tukunya. Na san ƙarar da ciki yake yi in ka yi ruku'u. Na san yadda ƙasa take juyawa in ka miƙe da tulu a kai.

Mazan gidanmu ba manoma ba ne. Amma shekarar babu abin saye balle na sayarwa, sai wani dattijo a Onkulu, aminin mahaifin Malam tun zamanin fatauci, ya ara musu gona. Suka tafi da hannuwansu masu laushi. Malam ya dawo tafinsa duk ya yi ruwa ya fashe, yana ba da labarin yadda manoman can suke tsayawa su kalli kunyarsa su yi dariya, sannan su karɓi garmar su gyara masa. Masarar ta yi kyau, abin mamaki. Muka riƙa ƙirga kwanaki.

Sai ruwa ya ƙi ɗaukewa, kamar bana. Masara ta nuna a cikin marka. Iska ta kwantar da kara, goyo ya kwana a laka. Aka ce in an jira rana ba za a tarar da komai ba, sai duk matan gida muka shiga motar ƙauye muka tafi karya. Kwana huɗu muna karya cikin yayyafi, ƙafa na nutsewa, zane a manne a jiki. Aka loda ta jiƙe a kamyo, babbar motar kaya, aka rufe da leda, ta yini a hanya saboda taɓo. Da aka yaye ledar a ƙofar gida tururi ne ya tashi.

Babu inda ba mu shanya ta ba. Zaure, ɗakin Iya, ƙarƙashin gado, kan tabarmar salla. Rana ta fito mu kwasa waje, hadari ya taso mu kwasa ciki, wani yinin sau uku. In ka tura hannu cikin tarin sai ka ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Kwana kaɗan kore ya fara bin ƙwayar, warin ya shiga tufafi, ya shiga gashin kai.

Muka zauna tsinta, mu biyar a da'ira, Iya a tsakiya. Yatsu suka yi baƙi, muna ta atishawa. Matar wan Malam ta yi ƙarfin hali ta ce ko bana kaɗai a bar mai kyau a gida. Iya ta ce mutane za su zo da ɗan abin da ya rage musu su saya a hannunmu saboda sunan gidan nan, ba za a ce a shekarar wahala muka fara cutar mutane ba. Mai kyau ta kasuwa ce, sauran tamu, a wanke da kyau. Buhun gida a shekarar ya fi na kasuwa yawa.

Kuma murna muka yi. Wannan ne yake ci mini rai. Ranar da aka tuƙa tuwon farko har guɗa aka yi. Yana da ɗan ɗaci a can ƙarshen harshe, muka ƙara daddawa da barkono, muka ci har muka kasa tashi.

Ina da ɗa a lokacin, ɗan farina, shekara biyu da ƴan watanni. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi ni in kau da kai. Tun yaye a ɗakin Iya yake kwana. Yaron nan nake ce masa. Da wutsiyar ido na san shi: yadda yake riƙe ludayi da hannu biyu, yadda yake tafiya yana jan zanen Iya. Yunwar ta rame shi har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Abu ɗaya ne al'ada ba ta hana ni ba, damun koko, don ni ke da murhun safe. Sai na riƙa tace masa gasara mafi laushi, in cika masa ƙwarya, in faki ido in juye masa rabona a kai. Ta nan kaɗai nake iya gaya masa ni ce uwarsa.

Agwagin Iya ne suka fara mutuwa, ƙananan, waɗanda muke zuba wa dusar. Muka ce ciwon damina ne. Bayan kamar mako biyu yaron ya fara amai. Ya ƙi tuwo. Idonsa ya yi rawaya, tafin hannunsa ma haka, ƙafafu suka kumbura, ciki ya tashi ya yi ƙyalli. Iya ta ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi aka ba shi. Tunda ba ya iya haɗiye komai sai ruwa-ruwa, aka ce a tsare shi da koko. Ni na dama. Safe, rana, yamma, kwana tara, ba abin da ya shiga cikinsa sai kokon buhun gida.

Tun kwana na uku nake so in ce a kai shi likita. Maganar ta zo bakina ta fi sau ashirin. Amma yarinya ba ta rawar jiki a kan ɗan fari a gaban uwar miji, za a ce ba ta da kunya. Na haɗiye. Ran na tara Malam da kansa ya goya shi a keke ya kai shi likita. Ma'aikacin da suka tarar ya duba idonsa ya ce an makara. Bai tambayi abin da yake ci ba.

Da la'asar ya cika, ana ruwa. Maza suka jira ya tsagaita, da suka dawo na ji suna cewa sai da aka kwashe ruwa daga ramin kabarin da ƙwarya. Ni ina madafa ina hura wutar da ta ƙi kamawa. Mata suka yi ta shigowa suna yaba ni, wai ko hawaye ban yi ba, ƴar gidan mutunci. A unguwar an rasa wasu yara biyu a watan, su ma ido rawaya. Kwana uku da binne shi na koma kan faifai. Ban tashi daga kansa ba sai ranar Alhamis ɗin nan.

Wa zan yi wa fushi? Iya ta daɗe a ƙasa, kuma na ga lokacin da take ture nata tuwon gaban jikoki ta ce ta ƙoshi. Na tambayi Zuwaira tun yaushe masu ilimi suka san da wannan dafi. Ta sunkuyar da kai ta ce tun kafin a yi mini aure. Tun kafin a yi mini aure. Masu sayen auduga sun san hanyar Jugu. Masu neman ƙuri'a sun san ƙofar gidanmu, har zaure suke shigowa. A makarantar manya an koya mana wanke hannu, an koya mana ruwan gishiri da sukari, na haddace duka, na yi aiki da su. Ba a samu mutum ɗaya da zai tsaya a bakin kasuwa ya ce mata, wadda kuka tsince kada ku ba yara ba. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Da na ji ta da na bi, ni mai bin magana ce, abin da ya kai ni nan ke nan.

Bayan azahar na sami Zuwaira tana wanke kwalabenta. Ta san tana da wa da ya rasu, ba ta san yadda aka yi ba. Na gaya mata a taƙaice, na ce ta faɗa mini, shi ne?

"Ban sani ba, Inna."

Na ce duk karatun naki?

"Zaren yana kama abin da ke cikin ƙwayar da ke gabana. Ba ni da ƙwayar waccan shekara. Shawara tana da ƙofofi da yawa. Zai iya zama shi ne, zai iya zama wani abu. In na ce miki e, ƙarya na yi. In na ce a'a, ƙarya na yi."

Na so in mare ta, ni da ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Da ta ce e, da na san abin da zan ɗauka. Da ta ce a'a, da na ajiye. Ta bar ni da shi a hannu.

Ta ƙara da cewa gwajin nata ma bai gama nuna ba. Wani lokaci akwai abubuwa a cikin masara da suke ruɗa zaren, launi ya juya babu dalili, shi ya sa ta zo neman masarar kasuwa ta gaske. Za ta tafi da samfur a gwada a babban inji, amsa sai bayan mako biyu. Amma in ita ce, ko cokali ɗaya ba za ta ƙara ba Fati ba. Na ce to a zuba wa kaji. Ta ce a'a. Awaki fa? Ta ce yana fita a nono. Sai dai a binne da zurfi.

Malam ya dawo daga masallaci bayan la'asar, Mariya ta shimfiɗa masa buzu, Zuwaira ta yi masa bayani a durƙushe. Ya saurara har ƙarshe, mutum ne mai sauraro. Sannan ya ce abinci ba a binne shi. Mu da muka ga shekarar da aka kankare tukunya ba mu ne za mu haƙa wa hatsi rami ba. Shi da wannan tuwon ya girma, ga shi da furfura. Yarinyar da bakinta ta ce ba ta tabbata ba, a jira injin, kafin nan a ƙara wanki. In kuma mun ƙi ci, ga mabuƙata nan cike da unguwa, a yi sadaka da shi.

Shekara arba'in ban taɓa mayar masa da magana a gaban ƴaƴa ba. Muryata ma ba ta tashi ba, a hankali ta fito.

"Malam, tunda na shigo gidanku ba mu taɓa sayar wa baƙo ƙwaya ɗaya mai kore ba. Haruna muka ba."

Mariya ta dube ni, ba ta san sunan ba. Zuwaira ta sani, amma ba ta taɓa jinsa a bakina ba. Ni kaina ban taɓa jinsa a bakina ba.

Malam ya dubi carbinsa. Ya ce, "Allah ne ya karɓi abinsa."

"Na sani. Ni na dama kokon."

Bai ce a binne ba, bai ce kada a binne ba. Ya ɗauki butarsa ya fita. Da magariba Mariya ta dafa doya, kowa ya ci nasa.

Washegari da na sallame asuba, gari ya fara haske, ana ɗan yayyafi, na ɗauki fartanya na zaga bayan gida wajen katanga na haƙa rami. Ƙasa ta yi laushi, amfanin ruwan bana ke nan a wurina. Na ɗebi kwano ɗaya na ƙulle wa Zuwaira a leda don injinta. Sauran na ja buhun a ƙasa, don ya fi ƙarfin ɗauka, na dawo na ɗauko bokitin gasarar da Mariya ta tace shekaranjiya. Da na kama gindin buhun zan juye, sai na tsaya. Tun waccan shekara ko ƙwaya ɗaya na gani a ƙasa sai na duƙa na ɗauka.

Ina nan tsaye Malam ya shigo daga masallaci. Ya zago, ya tsaya a kaina, ya dubi ramin, ya dubi buhun. Na jira abin da zai ce.

Ya ce ramin bai yi zurfi ba, kaji za su tone. Ya naɗe hannun rigarsa ya karɓi fartanyar. Har yanzu bai iya riƙe ta ba.

Da muka mayar da ƙasa na ɗora dutse a kai, na wanke hannu, na shiga zaure da wuƙa na yanke ɗaurin buhun kasuwa, wanda ruwansa ya zauna ja. Mariya ta fito da Fati a baya, ta ce, "Inna, ta kasuwa ce fa." Na ce na gani. Na auna kwano biyu a roba, fara tas, na zuba ruwa, na tsaya da ƙwarya a hannu ina jiran wadda za ta taso in kwashe, kamar kullum.

Babu abin da ya taso.